DJANGO REINHARDT (1910-1953): MAI JITA DA YATSU BIYU

'Yan uwana tsofaffin ɗalibai, da malamanmu da muke alfahari da su, a wannan fitowa na zaɓi in ba ku tarihin wani makaɗin jita ɗan ƙasar Faransa mai suna Django Reinhardt, ana furta sunan Jango. Na san wasu za su ce ina ruwan mujallarmu da Bature makaɗi. To, dalili shi ne a taronmu na shekara mutum uku daga cikin 'yan ajinmu sun tare ni da magana iri ɗaya, wato sun saya wa yaransu jita, yaran sun fara koyo da zumuɗi, amma da aka zo wurin koyon saurin yatsu sai suka gaji suka jingine ta a bayan ƙofa. Ɗaya ma cewa ya yi shi kansa ne ya saya bayan ya yi ritaya, yanzu kuwa yana ganin yatsunsa sun riga sun sandare. Da yake kun san ni da wannan abu tun muna makaranta, sai na ga babu amsar da ta fi in ba ku labarin mutumin da ya fi kowa saurin hannu a zamaninsa, alhali da yatsu biyu kacal yake danna tsirkiya.

An haifi Django ran 23 ga Janairu 1910 a wani ƙauye mai suna Liberchies cikin ƙasar Beljiyam. Sunansa na takarda Jean. Iyayensa 'yan ƙabilar Roma ne, waɗanda Turawa ke kira Jifsi, daga reshen da ake ce wa Manush. Mutane ne matafiya, gidansu keken doki ne mai ɗaki a kansa, inda dare ya yi musu nan ne gari. Haihuwarsa a Beljiyam ma hanya ce ta biyo da su ta can. Yawancin ƙuruciyarsa ya yi ta ne a sansanin danginsa da ke bayan ganuwar birnin Paris, wani fili na talakawa da 'yan gwangwan. Bai yi makaranta ba sai abin da ba a rasa ba, har ya girma bai iya karatu da rubutu sosai ba, balle karanta rubutun kiɗa na Turawa. An ce abokinsa Grappelli, wanda za mu zo kansa, shi ne ya koya masa sa hannu a takarda.

Yana da shekara 12 aka ba shi banjo mai tsirkiya shida, wadda ake ɗaure ta kamar jita. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce ga darasi na ɗaya ga na biyu. Zuwa yake ya tsaya kusa da manyan makaɗan danginsa, irin su Poulette Castro da Gusti Malha, ya ƙura wa yatsunsu ido, ya koma gida ya yi ta maimaitawa har abin ya zauna. Kafin ya kai shekara 15 ya fara cin abinci da kiɗa a gidajen rawar talakawan Paris, inda yake raka masu akodiyon. Wannan wuri ina so ku lura da shi. Kiɗan waɗannan gidajen rawa yana da gudu, kuma masu rawa ba su jiran yaro ya gyara yatsa. Ke nan saurin da Django ya fara samu, a cikin waƙa ya same shi, a gaban jama'a suna juyi, ana tafi, ana jefa masa kuɗi. A shekarar 1928 aka fara ɗaukar kiɗansa a faifai yana raka masu akodiyon, har wani shugaban makaɗa daga Ingila mai suna Jack Hylton ya zo ya saurare shi ya yi masa tayin aiki.

Bai kai ga fara aikin ba. A ƙarshen shekarar 1928 ɗin nan, wata rana da dare ya dawo daga kiɗa ya shiga keken da suke kwana shi da matarsa Bella. Ita Bella sana'arta yin furannin roba na sayarwa, irin robar nan da ake yin fim ɗin sinima da ita a da, wadda ta fi fetur saurin kamawa. Kyandir ya faɗi a kan furannin, nan da nan ɗakin ya kama. Sun fita da rai, amma Django ya ƙone ƙwarai, kusan rabin jikinsa. Ƙafarsa ta dama ta daina aiki har likitoci suka ba da shawarar a yanke, ya ƙi. Hannunsa na hagu kuwa, wanda da shi ake danna tsirkiya, yatsan zobe da ɗan ƙaramin yatsa sun ƙone sun lanƙwashe, ba su sake miƙewa ba har ya mutu. Likitoci suka ce ya manta da kiɗa. Yana da shekara 18 a lokacin.

Jinyar ta ɗauki wata 18. A cikin wannan zama ne ƙanensa Joseph ya kawo masa jita, wadda ta fi banjo taushin tsirkiya da sauƙin riƙewa a gado. Masu ba da labarinsa sukan tsaya nan su yi ta yabon haƙurinsa da juriyarsa, kuma ya cancanci yabon. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dabarar da ya fito da ita, don haƙuri kaɗai ba ya miƙe yatsan da ya ƙone.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su taɓa riƙe jita ba. A wuyan jita akwai 'yan ƙarafa da aka gitta, sun raba wuyan gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da muryarta. Yadda aka saba koyarwa shi ne a ba kowane yatsa gaɓa guda, yatsu huɗu gaɓa huɗu, hannu ya tsaya wuri ɗaya, yatsun su riƙa tsallakawa daga wannan tsirkiya zuwa waccan. Mai yatsu biyu ba shi da wannan gata. Sai Django ya juya abin. Maimakon hannu ya tsaya yatsu su yi yawo, sai ya sa hannun gaba ɗaya ya riƙa gudu sama da ƙasa a kan wuyan jitar, manuni da na tsakiya suna ɗaukar murya bibbiyu a kowace tsirkiya. Duk wanda ya taɓa kallon marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya san abin da nake nufi, in tsirkiya ɗaya gare ka dole hannu ya yi tafiya. Ya kuma gano wasu jerin muryoyi da siffarsu ke maimaita kanta bayan kowace gaɓa uku, saboda haka sai ya kama siffa ɗaya ya yi ta tura ta gaba, mai sauraro ya ji kamar ana zazzaga tsakuwa a kwano. Wani lokaci ma yatsa ɗaya tak yake ja tun daga ƙasan wuya har sama, hannun dama yana kaɗawa daidai da kowace gaɓa da yatsan ya taka, kowace murya ta fito sarai. Wannan kam na sha ganin masu yatsu biyar lafiyayyu sun gwada sun kasa.

Yatsun biyu da suka lanƙwashe ma bai bar su zaman banza ba. Yakan ɗora su a kan siraran tsirkiyoyi biyu na ƙasa idan zai haɗa muryoyi da yawa lokaci guda, wani lokaci kuma ya leƙo da babban yatsa ta saman wuya ya danne tsirkiya mai kauri. Da haka ya samu wasu haɗe-haɗen muryoyi uku-uku waɗanda har yau ake gane kiɗansa da su. Sannan akwai hannun dama, wanda wuta ba ta lalata ba, kuma a ganina rabin sirrin yana can. Yana riƙe abin kaɗawa mai kauri, wuyan hannu a sake bai jingina da jikin jitar ba, ya bugi tsirkiya da nauyin hannu har abin kaɗawar ya sauka ya huta a kan tsirkiyar da ke biye. Ƙarar tana fita da ƙarfi ba tare da an ɗaure jijiya ba. Yaranmu da ke gajiya da atisayen sauri, in kun duba za ku tarar yawancinsu sun ƙanƙame abin kaɗawa kamar za a ƙwace musu, kafaɗa ta hau sama, haƙora a cije. Minti goma hannu ya yi tsami, daga nan sai ƙiyayya ta shiga tsakaninsu da jitar.

Bayan ya warke aurensa da Bella ya mutu, sun rabu da ɗa ɗaya mai suna Lousson. Ya koma yawo a kudancin Faransa tare da Naguine, wadda ta zama matarsa har ƙarshen rayuwarsa. A garin Toulon cikin 1931 ya haɗu da wani mai zane da ɗaukar hoto, Emile Savitry, wanda ya kai shi ɗakinsa ya sa masa faya-fayen garmaho na kiɗan jaz daga Amurka, na Louis Armstrong da Duke Ellington, da na Joe Venuti mai goge da Eddie Lang mai jita. An ce da ya ji kakakin Armstrong sai ya dafe kai ya fashe da kuka. Daga ranar ya san inda zai kai yatsun nan biyu. Ya shiga kwaikwayon abin da ya ji da kunne, yana ƙoƙarin sa jita ta yi magana irin ta kakaki.

Ga abu na farko da nake gaya wa duk mai koyo. Django bai nemi sauri don sauri ba. Akwai wani abu da yake ji a kansa yana so ya fitar, saurin kuwa hanya ce ta kaiwa can. Yaron da aka ba shi takardar atisaye, ɗaya biyu uku huɗu, hawa da sauka, ba waƙa ba daɗi, kamar wanda aka sa ya yi ta zagaya filin ƙwallo ne ba a taɓa ba shi ƙwallon ba. Kun tuna yadda muke ɓuya in an ce gudun safe, amma in an ce wasa tsakanin gida da gida sai mu yi gudun da ya ninka wancan ba mu sani ba. Shawarata ita ce yaro ya zaɓi waƙar da yake mutuwar so, a ciro ɗan gutsuren da ke ba shi wuya, wanda bai wuce daƙiƙa biyar ba, wannan gutsuren ya zama atisayensa. Akwai ɗan agogon nan mai ƙas-ƙas da makaɗa ke auna gudu da shi, yanzu har a waya ana samunsa. A sa shi a bugu 60 a minti, ko ƙasa da haka, inda yaro zai kaɗa ba kuskure kuma yana iya murmushi. In ya yi sau uku a jere lafiya, a ƙara bugu huɗu. In ya fara tuntuɓe a koma baya. A rubuta lambar da aka tsaya a bangon littafi, don ba abin da ke ƙarfafa gwiwa kamar mutum ya ga makon jiya yana 72 yau yana 88. Minti 15 ya isa, sauran lokacin a bar shi ya yi kiɗan da ransa ke so.

Mu koma Paris. A shekarar 1934 Django yana aiki cikin ƙungiyar Louis Vola a otal ɗin Claridge, inda suke yi wa masu kuɗi kiɗan rawa da yamma. A cikin ƙungiyar akwai wani mai gogen Turawa, Stephane Grappelli, wanda ya girme shi da shekara biyu. Kiɗan da ake biyansu su yi ba ya burge su, saboda haka in an ba su hutu sai su koma ɗakin canza kaya su yi nasu. Yadda Grappelli ya sha ba da labari, wata rana tsirkiyarsa ce ta tsinke, ya koma baya ya gyara, yana gwada ta sai Django ya ɗauka ya bi shi. Daga nan abin ya zama musu al'ada, kullum sai sun haɗu, wannan ya jefo waƙa wancan ya cafe, wannan ya ƙara gudu wancan ya ce bai gani ba. Vola ya shigo da babban gogensa mai tsayuwa a ƙasa, Roger Chaput da Joseph suka shigo da jita. Wasu matasa masu son jaz da suka kafa kulob mai suna Hot Club de France, cikinsu har da Charles Delaunay da Pierre Nourry, suka ji su, suka ɗauki nauyinsu. Haka aka haifi ƙungiyar mutum biyar da ake kira Quintette du Hot Club de France, jita uku, goge ɗaya, babban goge ɗaya, babu ganga babu kakaki. Jita biyu su ne ke riƙe da bugu a madadin ganga. A watan Disamba 1934 suka yi faya-fayensu na farko da kamfanin Ultraphone.

Ku duba fa, ƙungiyar da ta fi kowace shahara a tarihin jaz na Turai, daga wasan bayan fage ta fito, lokacin hutu, ba wanda ya sa su ba wanda ya biya su. Shi ya sa nake cewa mai koyon jita ya nemi aboki. Mutum biyu, ɗaya ya riƙe bugu ɗaya ya yi yawo a kai, sannan su yi musanya. Abokin zai ja ka zuwa gudun da kai kaɗai ba za ka yarda ka gwada ba, in ka faɗi ku yi dariya ku sake. Su biyun nan kuwa ba halinsu ɗaya ba. Grappelli mutum ne mai tsari, mai zuwa a kan lokaci, mai lissafin kuɗi. Django kuwa sai a cika zaure ana jiransa, shi yana can yana buga biliyad ko ya tafi kamun kifi, kuɗin da ya samu a dare ɗaya ya ƙare a caca kafin asuba. Ba na yabon wannan hali, ya jawo masa asarar dama da yawa, kuma ya wahalar da abokan aikinsa, musamman ƙanensa Joseph da ya daɗe yana ɗaukar masa jita. Amma a wurin kiɗa sun dace kamar an auna.

Daga 1934 zuwa 1939 suka yi ta fitar da faya-faye, ciki har da Minor Swing na 1937 wanda har yau shi ne karatun farko na duk mai son koyon salonsa. Manyan makaɗan Amurka da suka zo Paris, irin su Coleman Hawkins da Benny Carter, sun yi faifai da shi. Jitar da ya riƙe ta kamfanin Selmer ce, wadda wani ɗan Italiya Mario Maccaferri ya fara tsara ta, mai ƙara sosai, don a lokacin ba a fara sa wa jita lantarki a Faransa ba. Akwai wani ɗan gajeren fim da aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1930 inda ake ganin hannunsa na hagu ƙuru-ƙuru. Ina roƙon duk mai yaro mai koyo ya nemo masa shi a intanet. Abin da zai ba ku mamaki shi ne natsuwarsa, yatsu na tashi kamar walƙiya amma fuska da kafaɗa kamar mai shan iska. Kuma faifan wancan zamani minti uku ne da 'yan kai, saboda haka ba a ɓarnar lokaci. In kun saurara da kyau za ku ji ba ko'ina yake gudu ba, yakan ja murya ɗaya ya girgiza ta, ya yi shiru, sannan ya sako gudun kamar an ɓalle dam. Da gudun ya yi daga farko har ƙarshe da ba wanda zai tuna shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya same su suna rangadi a Ingila cikin Satumba 1939. Grappelli ya zauna a Landan, Django ya koma Paris. Zaman nan na haɗari ne, domin 'yan Nazi sun hallaka dubban ɗaruruwan 'yan ƙabilar Roma a Turai, kuma ba su son jaz. Duk da haka shahararsa ta kare shi, har cikin sojan Jamus akwai masu son kiɗansa. Ya sake kafa ƙungiya da Hubert Rostaing mai busa kilarinet a gurbin goge, a 1940 ya fitar da Nuages, wato gizagizai, wanda ya zama kiɗan da mutanen Paris suka riƙe a zuci a shekarun mamaya. Abin lura, wannan kiɗa da ya fi duk nasa karɓuwa mai tafiyar hawainiya ne. A 1943 ya yi ƙoƙarin tsallakawa Suwizalan aka mayar da shi daga kan iyaka. A 1944 Naguine ta haifa masa ɗa, Babik, wanda shi ma ya zama makaɗin jita.

Bayan yaƙi ya sake haɗuwa da Grappelli a Landan cikin 1946, a ƙarshen shekarar kuma ya tafi Amurka bisa gayyatar Duke Ellington. Tafiyar ba ta yi masa yadda ya zata ba. Ya je ba jita, yana tsammanin kamfanonin can za su yi rububin ba shi tasu, sai ya ƙare da jitar lantarki da bai saba da ita ba. Sun yi wasa dare biyu a zauren Carnegie Hall na New York a watan Nuwamba, daren farko jama'a suka yi ta kiransa ya dawo, dare na biyu ya zo a makare. A farkon 1947 ya koma Faransa ransa ba daɗi.

Shekarun da suka biyo baya ya ja baya da kiɗa. Ya kama zanen hoto da fenti, yakan daɗe bai taɓa jitar ba. Wasu suka ce ya ƙare. A 1949 ya yi faya-faye masu yawa da Grappelli a birnin Rum, waɗanda su ne na ƙarshe da suka yi tare. A 1951 ya koma wani ƙaramin gari a bakin kogin Seine mai suna Samois, kusa da Fontainebleau, yana kamun kifi yana buga biliyad. A wannan shekarar kuma ya dawo fage a kulob ɗin Saint-Germain na Paris tare da samari masu sabon salon jaz da ake kira bibop, irin na Charlie Parker da Dizzy Gillespie, wanda ya fi na da gudu da sarƙaƙiya. Ya sa wa Selmer ɗinsa na'urar lantarki, ya shiga cikin yaran da ya girme su da kusan shekara 20, bai zama baƙo ba. Ni a kunnena faya-fayensa na 1953 suna cikin mafi daɗin abin da ya bari. Saboda haka in yaro ya ajiye jita mako ɗaya ko biyu kada a tasa shi da faɗa. A bar ta a fili inda zai riƙa ganinta, kada a kulle ta a akwati, a kuma riƙa sa masa sabon kiɗan da bai taɓa ji ba.

Ga abokinmu mai kukan yatsu sun sandare kuwa, ga wani ƙarin labari. A birnin Birmingham na Ingila akwai wani saurayi Tony Iommi, wanda injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya yana ɗan shekara 17. Ya yanke ƙauna, sai shugabansa na wurin aiki ya kawo masa faifan Django ya sa masa, bayan ya saurara ya gaya masa da yatsu nawa aka yi kiɗan. Iommi ya ƙera wa yatsunsa 'yan huluna na roba ya koma koyo, daga baya ya zama mai jitar ƙungiyar Black Sabbath.

Ran 16 ga Mayu 1953 Django ya faɗi a Samois sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, aka kai shi asibitin Fontainebleau, a can ya cika yana da shekara 43. An binne shi a Samois. Ya bar kiɗa sama da 900 a faifai. A 1964 Naguine ta ba da jitarsa Selmer mai lamba 503 kyauta, tana gidan adana kayan kiɗa na birnin Paris, kuma a 1968 mutanen Samois suka fara shirya bikin kiɗa da sunansa.